Ranar da Dada Hadjara Ta Hau Kujerar Abla

Duk wanda ya taɓa kai ɗansa raudar nan da ke bayan masallaci a unguwar Kurayyat ta birnin Jidda ya san Hadjara, ko da bai riƙe sunanta ba. Rauda ita ce makarantar ƙananan yara, 'yan shekara uku zuwa biyar, masu majina da kukan safe. Hadjara ce doguwar matar da ke tsaye a bakin ƙofa tun rana ba ta yi zafi ba, tana karɓar jaka da gorar ruwa, tana ɓamɓare yaro daga abayar uwarsa. Yaron da ya gagari kowa, da ta durƙusa ta raɗa masa wani abu a kunne sai ka ga ya miƙa hannu. Amma ka tambayi iyayen nan ko sun san matar da ke wanke wa 'ya'yansu kashi ta yi jami'a, har ta ɗora karatun majistir, wato digiri na biyu, a kan tarbiyyar ƙananan yara. Wallahi dariya za su yi maka.

'Yar Damagaram ce. Makarantar faranko-arab ta yi, wadda ake haɗa Faransanci da Larabci, daga nan ta wuce jami'a a Yamai, ta dawo gida tana koyarwa a jardan, wato irin wannan makaranta ta 'yan ƙanana. Madam Hadjara ake ce mata a lokacin, tana da ajinta da allonta. Ba aikin rashin abin yi ba ne a wurinta, so ne tsagwaronsa. Takan ce ba abin da ya kai mata daɗin ganin yaro ranar da ya fara gane cewa wannan zanen da ya yi a takarda sunansa ne. Ƙawayenta suna neman lise da kwaleji, wato makarantun sakandare, don a ce da su manyan malamai, ita ko ta liƙe wa 'yan majina.

Aure ne ya kawo ta Jidda. Mijinta Zaharadden ɗan unguwarsu ne, ya daɗe yana aiki a wata masana'antar kwali a Madinar Masana'antu, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. Ya kama musu ɗaki a Nuzla, a lungun da in ka miƙa hannu ta taga sai ka taɓa bangon maƙwabci. Yakan fita da asuba, sai bayan magariba ya dawo. Hadjara ta yi shara, ta yi girki, ta ƙirga tayil ɗin ɗaki har ta gaji. Ga macen da ta saba da hayaniyar yara, zaman shiru ai ciwo ne. Da ta ji ana neman ma'aikata a wata rauda a Kurayyat, ba ta yi shawara da kowa ba sai mijinta. Ta ɗauki takardunta ta tafi, tana taƙama da Larabcinta.

To, a nan fa aka yi ta. Larabcin littafi daban, Larabcin Jidda daban. Hadjara ta san nahawu, ta san mu'allima, ta san mudarrisa, amma ba ta taɓa jin cewa a garin nan malamar makaranta abla ake ce mata ba. Mudira, shugabar raudar, mace ce mai sauri, waya a kunne, ido a kan kwamfuta. Ta ɗan leƙa takardun, ta ga Faransanci, ta ture su gefe, ta ce, "Ma indana makan li abla dahin, bas nibga dada." Wato yanzu ba gurbin abla, amma suna son dada.

Abla ta wuce ta kunnen Hadjara ba ta tsaya ba. Dada kuwa, nan take ta sauka a ƙirjinta. A gidansu, kakarsu Bafillatana ita ake kira Dada, kuma ba a gidan kaɗai ba, duk unguwa. Dada ce ke wanke jariri ranar haihuwa, ita ke raba faɗan manya, in ta shigo maza sukan rage murya. Hadjara ta ce a ranta, Allahu akbar, ashe Larabawa ma sun san darajar mai tarbiyyar yara, har suna ba ta sunan uwa! Ta washe baki ta ce, "Na'am, dada. Ana dada." Mudira ta ce halas, wato shi ke nan, gobe ta fara, za a maido iƙamarta, takardar izinin zamanta, ƙarƙashin makaranta. Hadjara ta fito tana jin kamar ta taka rawa a titi.

Maƙwabciyarta Saudatu ta fara yi wa albishir. Saudatu haifaffiyar Jidda ce, jikar alhazan da suka zo da ƙafa ba su koma ba, Hausarta rabi Larabci. Tana tankaɗe ta ji labarin, ta ajiye rariya.

"Me kika ce musu, ya ukhti?"

"Dada, Yaya Saudatu. Kin ji sunan ma, kamar na kakarmu."

"Innalillahi! Ke, wa ya aike ki? Dada ai ita ce mai kai yara hammam, banɗaki. Mai wanke gindi, mai goge amai. Uwata ta yi dada a gidajen Larabawa har bayanta ya ranƙwashe. Abla ita ce malama, miskina!"

Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Hadjara ta yi zaune a kan buhun shinkafar Saudatu. Kunya ce ta fi damunta, irin kunyar wanda ya yi ado ya fita, ashe rigar a bai-bai take.

Washegari ta koma ta yi wa mudira bayani da Larabcinta na littafi, a tsanake. Mudira ta saurara, ta yi murmushi, ta ce ba komai, ta fara a haka, in gurbi ya samu inshallah. Ai ka san inshallahun mai sauri. Kafin gurbi ya samu an riga an maido iƙamar, kuma a wajen sana'a an rubuta mata ma'aikaciyar tsafta. Makaranta ta zama kafilinta, wato zamanta a ƙasar yana hannunta. Zaharadden ya ce ta yi haƙuri, ƙafa ɗaya a ciki ta fi biyu a waje. Ta yi haƙurin. Shekara ta bi shekara, abloli suka zo suka tafi, wasu aure, wasu haihuwa, wasu sun gaji, kullum sai a kawo sabuwa. Yaran da ta fara wanke wa hannu suka girma har suka fara gemu, ita tana nan a bakin ƙofa.

Kada a ce ta yi aikin da ƙyashi, ba ta yi ba. Tana son yaran, su ma suna son ta har abin ya yi yawa. Sai dai akwai wata ƙaramar kujera ja a kowane aji, inda abla ke zama lokacin halƙa, sa'ad da yara ke kewaye ta a kan kafet ana waƙa ana labari. Wurin dada kuwa bakin ƙofa ne, da tishu a hannu, tana jiran wanda zai ɗaga yatsa. Daga nan Hadjara take kallon kujerar. Takan ji tambayar da ya kamata a yi wa yaro ta zo mata har baki, sai ta haɗiye. Wannan haɗiyar ita ta ci ta, ba wankin kashi ba.

Ana haka aka kawo Abla Areej, yarinya 'yar ƙasa, sabuwar fita daga jami'a, mai kirki da sanin aikinta. Wata rana ta tarar da Hadjara a ɗakin ajiye tsintsiya tana karanta littafin da ita Areej ta manta a aji, kan yadda yara ke koyo ta hanyar wasa. Maimakon ta yi faɗa sai ta zauna suka yi hira. Ita ce ta gaya mata akwai wata jami'a a wajen ƙasar da ke ba da majistir na tarbiyyar ƙananan yara daga nesa, da Larabci, kuma suna karɓar takardun Nijar in an fassara. Ta ce, "Ya Hajar, mai majistir ba a barin ta da tsintsiya. Ko mudira ba ta so, dole ta ji kunya."

Kai, maganar nan ta shiga Hadjara! Mace ta ba arba'in baya, ido ya fara neman tabarau, ta koma 'yar makaranta. Bayan sallar asuba karatu, a cikin motar da ke kai su Kurayyat karatu, ranar Juma'a da mata ke ziyara ita tana gaban waya tana sauraron lacca. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki, har matan Nuzla suka sa mata Daktora don tsiya. Zaharadden ya koyi dafa shinkafa da kansa, ya ƙona tukunya ba sau ɗaya ba, bai taɓa yi mata gori ba. Sau ɗaya ya ce, "Hadjara, ina tsoron kada ki gina rijiya a gonar wani." Ta ce, "Malam, bari dai in ga ruwan." Karatun ya ja, ta faɗi wani darasi ta sake, ta nemi ƙarin lokaci aka ba ta, aka ce shi ne na ƙarshe. Ta rubuta bincikenta a kan yaran da ke jin wani harshe a gida, su zo makaranta su tarar da wani, malaman suka yaba.

Abu ɗaya ya rage, shi ne gwajin aji. Dole ɗaliba ta zauna gaban yara na gaske ta gudanar da halƙa, malamar da jami'a ta wakilta a Jidda tana kallo tana ba da maki. In ba wannan, ba shahada, wato takardar shaidar kammalawa. Kuma dole a yi shi kafin shekarar karatu ta ƙare. Mudira ta yi ta ja da baya, Areej ta yi ta roƙo, daga ƙarshe ta ce to, safiya ɗaya, a ajin Areej, kuma kada a yi surutu.

Hadjara ta shirya kamar mai shirin aikin Hajji. Darasin tsiro ta zaɓa. Ta jiƙa wake a auduga cikin ƙananan kofuna, ta jera a tagar ɗakinta, wasu sun fasa, wasu sun fid da saiwa, wasu har ganye, don yara su gani da idonsu su taɓa. Ta ɗinka sabuwar riga. Ranar, aka aro dadar ajin gaba ta tsaya a bakin ƙofa a madadinta. Daktora Rana, malamar da jami'a ta turo, dattijuwa mai tabarau, ta zauna a kusurwa da takardarta. Areej ta tafa hannu ta ce, "Yalla ya atfal, yau Abla Hajar ce za ta yi mana halƙa."

Yara suka fashe da dariya. A ganinsu wasa ne, irin wanda ake sa hular likita a yi allurar ƙarya. "Dada! Dada ta zauna a kujerar Abla!" Wata ta zo tana jan hannunta wai ta tashi kafin a yi mata faɗa. Amma Hadjara ba yau ta fara ba. Ta ɓoye kofi ɗaya a bayanta, ta rage murya, ta ce akwai wani abu mai rai da ke barci a nan, wa zai faɗa mata ko mene ne? Aji ya yi tsit. Ta fito da waken, ya bi hannu-hannu. Wani ya ce tsutsa ce, wata ta ce wutsiya ce, ba ta ce wa kowa ya yi kuskure ba, sai ta ƙara tambaya. Muryar Madam Hadjara ta jardan, wadda ta yi shekaru a binne, ta dawo da kanta. Ta ga Daktora Rana ta daina rubutu tana kallo. Wallahi a wannan ɗan lokacin ta ji duk wahalar ta biya.

Sai Mazen ya ɗaga yatsa. Mazen ɗan shekara huɗu ne, siririn yaro mai tsoro, wanda ya yi wata guda yana kuka kafin ya saba da makaranta, kuma ba a hannun kowa ya saba ba sai nata. Ya ce a hankali, "Dada, hammam."

"Je ka wurin dada, ga ta can a ƙofa, habibi," in ji Hadjara.

Ya waiga ya dubi baƙuwar matar, ya girgiza kai. Matar ta miƙo hannu, ya maƙale kafaɗa. Hadjara ta ci gaba da darasi, amma rabin hankalinta na kansa. Ta san yadda yake matse ƙafa, ta san saura ƙiris. Ya sake cewa, "Dada." Ta yi kamar ba ta ji ba, kuma Allah ya sani wannan ne abu mafi wuya da ta taɓa yi. Can sai kafet ya fara jiƙewa a ƙarƙashinsa. Yarinyar da ke kusa da shi ta yi tsalle tana ihu, sauran suka ɗauki dariya suna nuna shi. Mazen bai yi kuka ba, ya dai sandare a tsaye, idonsa a kanta.

Ta san ƙa'ida, ta rubuta ta a jarrabawa da hannunta: malama ba ta barin aji, takan kwantar da hankalin sauran, ta bar mai taimako ta fita da yaron. Amma sabo turken wawa. Kafin ƙa'idar ta iso kanta, hannuwanta sun riga sun sure shi. Ta rufe shi da mayafinta, ta fita da shi, ta wanke shi, ta sauya masa wando, tana ce masa ba komai, manya ma yakan same su. Sai da ya daina karkarwa sannan ta tuna inda ta baro. Da ta dawo, Areej na kan jar kujera tana rera waƙa don ta tattara yara, kofunan wake sun kife, dadar ajin gaba na goge kafet. Sabuwar rigar Hadjara a jiƙe take daga ƙirji zuwa cinya. Ba ta san inda za ta tsaya ba, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

Daktora Rana ba muguwa ba ce, da ma muguwa ce da abin ya zo da sauƙi. Ta kira ta gefe ta ce, "Ya binti, farkon halƙarki ya fi na yawancin ɗalibaina. Abin da kika yi wa yaron nan rahama ce, ni ma uwa ce. Amma kin bar aji guda saboda mutum ɗaya, ba zan iya sa hannu ba. Kuma ba laifinki ba ne kaɗai, yaran nan ba za su taɓa ganinki a matsayin abla ba. Nemi raudar da ba a san ki ba, ki kira ni, zan zo ko ina ne."

Kafin la'asar labari ya gama gari. Yara sun je gida sun ce yau dada ce ta koyar da su, iyaye mata suka cika wayar mudira: kuɗinmu muke biya, a ce mai wankin hammam ke karantar da 'ya'yanmu? Mudira ta kira Areej ta wanke ta tas, ta kira Hadjara ta ce halas, maganar nan ta mutu. Ta ƙara da cewa ko da ta kawo shahadar ma, gurbin abla yanzu na 'yan ƙasa ne, ita ba ta da yadda za ta yi. Me ya hana ta faɗi haka tun shekarun baya, oho.

Duk da haka Hadjara ba ta zauna ba. Ita yanzu ba aikin take nema ba, safiya ɗaya kawai take roƙo, a ba ta aron yara da kujera ta kammala abin da ta fara. Ta bi raudodin Kurayyat, ta bi na Nuzla, ta shiga unguwannin da ba ta taɓa takawa ba, Saudatu na raka ta tana yi mata Larabcin gari. Ko'ina sai a karɓe su da fara'a, a yaba takardun, sannan a ce ta kawo iƙama. Da an ga abin da aka rubuta a wajen sana'a, sai fuska ta sauya. Wata ta ce tana tsoron masu bincike, wata ta ce tana tsoron iyaye. Wata kuwa, ba kunya ba tsoron Allah, ta ce aji dai babu, amma in tana son canjin wuri suna neman dada. A hanyar komowa Saudatu ta yi ta zage-zage da harshe biyu. Shekarar karatu ta ƙare, jami'a ta rufe sunanta.

Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta tattara littattafan ta ba Areej, ta ce ta kai wa mai amfani da su. Zaharadden ya dawo ya ga kantar littattafan wayam, ya je ya ɗora shayi. Matan Nuzla da kansu suka daina ce mata Daktora, wannan kuwa ya fi tsokanar ciwo.

Ranar rufe makaranta aka yi 'yar walima, iyaye mata suka cika farfajiya, ana ta hotuna da abloli. Hadjara na gefe tana tattara kofuna sai ga uwar Mazen ta nufo ta, yaron na riƙe da abayarta. Mace ce mai hankali, ba ta cikin masu ƙorafi. Ta kama hannun Hadjara da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa, ta ce Mazen ya gaya mata komai, yadda ta rufe shi da mayafi don kada a gan shi. Ta ce ƙanwarsa ma za ta shigo baɗi, kuma saboda ita ne kaɗai ba za su canja makaranta ba.

Sannan ta ɗaga hannu sama, da zuciya ɗaya, a gaban mutane, ta ce, "Allah ya bar mana ke a bakin ƙofar nan, ya Dada. Allah kada ya raba ki da wannan aiki har ƙarshen rayuwarki."

Matan da ke kusa suka amsa. Suka juyo suna kallonta da murmushi, suna jira. Hadjara 'yar gidan mutunci ce, ba a yi mata tarbiyyar barin addu'a a ƙasa ba. Ta shafa fuska ta ce, "Amin."